Kujera a Gefen Sahu

Ranar 11 ga Satumban 2022, a wasan Real Sociedad da Getafe a ƙasar Sifen, Umar Sadiq ya bar fili da rauni a gwiwa. Kwana goma ke nan da komawarsa Real Sociedad daga Almeriya, har ya riga ya zura wa Atletico Madrid ƙwallo a wasansa na farko. Da aka ɗauki hoto sai aka ga jijiyar tsakiyar gwiwar ta tsinke. Aka yi wa ɗan Kadunan aiki, kakar wasa ta wuce shi ɗungurungum, bai sake buga gasa ba sai bayan kusan shekara guda.

Wannan ciwon bai san mai kuɗi ba. Yana samun saurayin da ya yi wawan juyi a busasshen filin firamare a Hunƙuyi, da mai lodin rake a Maƙarfi da ya diro daga bayan mota da ƙafa ɗaya, da ɗan acaɓan da babur ya danne wa ƙafa a hanyar Ikara. Bambancin kawai, Sadiq yana da likitocin ƙungiya da albashin da ba ya tsayawa. Shi kuwa na gida, bayan ya gama tunanin gona da cefane, tambayar da ke hana shi barci ita ce yadda zai yi da sallah, tun da gwiwar da yake durƙusa wa Ubangijinsa da ita ta ƙi lanƙwasuwa.

Manyan jijiyoyi huɗu ne suke riƙe da gwiwa. Biyu suna gefe da gefe, biyu kuma sun gitta juna a can cikin gaɓar. Ta gaba a cikin masu gittawar, wadda likitoci ke kira ACL, tsawonta bai kai santimita 4 ba, amma ita ce take hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba ya bar na cinya. Sau da yawa ba sai an yi karo da kowa take tsinkewa ba: ƙafa ta kafe a ƙasa, jiki ya juya, shi ke nan. Mai ciwon yakan ji ƙara kamar an karya wani abu a ciki, kafin 'yan sa'o'i gwiwar ta cika da jini ta yi suntum. Jijiyar gefe ta ciki takan warke da kanta cikin makonni idan aka ɗaure aka huta. Ta tsakiyar kuwa tana kwance ne cikin ruwan gaɓa, jinin da ke kai mata kaɗan ne, don haka da wuya bakunanta biyu su sake haɗuwa yadda suke.

A ƙauyukan Kudan da Maƙarfi da Ikara, ƙofar farko da ake ƙwanƙwasawa ta maɗori ce. Zai sa a miƙe ƙafar a kan tabarma, ya bi ta da babban yatsa tun daga cinya har ƙwauri, ya shafa man shanu, ya yi tofi, ya ja, ya ce targaɗe ne. Ba ƙarya ya yi ba a iya abin da hannunsa ya ji, domin ƙashi lafiyarsa ƙalau, ko hoton ƙashi na asibiti ma ba ya nuna jijiya. Sai likitan da ya san gwajin ya riƙe cinya ya jawo ƙwauri ya ji ya taho ba birki, ko kuma a yi hoton MRI. Bayan makonni kumburi ya saɓe, zafi ya ragu, kowa ya ce an dace. Sai ran da mutumin ya ɗauki buhu, ko ya zo tsallake kwalbati, gwiwar ta sulluɓe masa ya zube. Kowace irin wannan faɗuwa tana iya yaga guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan, abin da kan kai mutum ga ciwon sanyin gaɓa tun bai tsufa ba.

A nan ne ake fara jin maganar da ta fi kowace daɗin faɗa: a bar wa Allah. Magana ce ta gaskiya, amma sau da yawa ana sa ta inda ba gurbinta ba. Akwai wanda ya faɗe ta bayan ya je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano wanda ke aiki tun 1959, aka yanka masa kuɗin da ko ya sayar da gonar gado ba za ta biya ba. Wannan ba mai ganin laifinsa. Akwai kuma wanda tsoron wuƙar likita ne ya hana shi, ya lulluɓe tsoron da rigar tawakkali. Shi wannan addini bai ba shi mafaka ba. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa mutanen ƙauye sun tambayi Annabi (SAW) ko su nemi magani, ya umarce su da nema, ya kuma sanar da su cewa tsufa ne kaɗai ciwon da ba a saukar masa da magani ba. Malaman jihadi ma haka suka fahimta. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, duk da nauyin mulki ya zauna ya yi rubuce-rubuce a kan magunguna.

Aikin da ake yi wa gwiwar ba ɗinki ba ne, sauyi ne. Likita yakan yanko wata jijiya daga jikin mai ciwon, ko daga bayan cinya ko daga ƙasan ƙoƙon gwiwa, ya huda ƙashin cinya da na ƙwauri, ya zura ta ya ɗaure a gurbin wadda ta tsinke. Wani likita a birnin Biristol na Ingila, Ernest Hey Groves, ya bayyana irin wannan aiki tun 1917, lokacin ana buɗe gwiwar ne gaba ɗaya. Yau ta 'yan ƙananan huji ake shiga da kyamara.

Wasu kan yi ɗari-ɗari, su ce anya wannan ba canza halittar Allah ba ne? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ta daɗe. Sahabi Arfaja ɗan As'ad ya rasa hancinsa a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi masa wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare, alhali zinare haramun ne ga maza. Mayar da gaɓa yadda aka halicce ta daban, sauya halitta don ƙawa daban. A Fabrairun 1988 Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta zauna a Jidda ta yanke cewa ya halatta a ɗauki wani sashe na jikin mutum a dasa a wani wurin na jikinsa, muddin amfanin da ake fata ya rinjayi cutarwa. Abin da ya kamata mai sallah ya tsaya a kai ma wani ne: jijiyar da aka ɗauko daga ƙasan ƙoƙon gwiwa ta fi barin zafi a daidai inda ake durƙusawa, wani lokaci na shekaru. Saboda haka ya dace mara lafiya ya buɗe baki ya gaya wa likita cewa shi mai sujada ne sau da yawa a yini, a duba wannan kafin a zaɓi inda za a yanka.

Babbar jarrabawar tana zuwa ne bayan an sallamo mutum, kuma manomin Ikara ya fi kowa saurin gane ta. Ya san dashen tumatir: ran da aka ciro shi daga bedi kore shar yake, kwana biyu sai ya langaɓe kamar ya mutu, kafin saiwa ta kama ya miƙe. Jijiyar da aka dasa ma haka take. Ranar aiki da ƙarfinta, sannan ta yi rauni yayin da jiki ke shigar mata da sabon jini yana sake gina ta, kuma raunin ya fi tsanani wajen mako na 6 zuwa na 12. Wannan ne kuma daidai lokacin da zafi ya tafi, an ajiye sanduna, mutum yana jin garau. Ciwon ya daina yi masa gargaɗi a sa'ar da ya fi bukatar gargaɗin.

Tafiya a miƙe ba ta bukatar gwiwa ta lanƙwashe fiye da digiri 60 zuwa 70. Zama a kujera digiri 90 ne. Zaman tahiya kuwa, inda ɗuwawu ke sauka kusa da dunduniya, yana kai gwiwa ƙarshen iyakarta, wajen digiri 150. Shi ya sa likita kan hana shi na watanni, shi ya sa kuma farar kujerar roba take bayyana a gefen sahu.

Duk wanda ya taɓa ganin saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai a kan wannan kujera ya san nauyinta. Yakan makara da gangan don kada a ga shigowarsa. Ya jawo ta a hankali kada ta yi ƙara a siminti, ya zauna kusa da dattijon da ya haifi babansa, ya miƙe ƙafa ɗaya gaba. Liman ya yi kabbara, sahu duka ya faɗi ƙasa, shi kaɗai ya rage a sama yana sunkuyar da kai. Ana sallamewa wani zai dafa kafaɗarsa: "Kai ɗan nan, har yanzu? Ai na gan ka jiya a kasuwa da ƙafarka. Daure mana ka kai goshinka ƙasa, Allah ba zai bari komai ya same ka ba." Mai maganar da kyakkyawar niyya ya yi ta. Amma magana irin wannan tana iya sauko da yaro daga kujera tun dashen bai kama ba.

Littattafan da ake karantawa a zaurukan Zazzau ba su goyi bayan mai dafa kafaɗar ba. Ahalari da Risala duk sun yi bayanin sallar mara lafiya daki-daki, kuma asalinta hadisin Imrana ɗan Husaini ne a Buhari, wanda basir ya dame shi aka ba shi izinin yin sallah a zaune, in ya kasa a kishingiɗe. Annabi (SAW) da kansa ya faɗo daga kan doki ya ƙuje a gefen dama, ya yi sallah a zaune a gaban sahabbansa. Malaman Malikiyya ba su taƙaita uzuri ga wanda ya kasa kwata-kwata ba. Tsoron ƙaruwar ciwo ko jinkirin warkewa ma uzuri ne. Sun kuma tsara abin da hikima: wanda zai iya tsayuwa ya tsaya, ya yi ruku'unsa, sujadar da ta gagare shi ce kaɗai zai yi da nuni daga zaune, ya sa nunin ya fi na ruku'u ƙasa. Ba a yafe masa abin da yake iyawa ba, ba a kuma ɗora masa abin da zai cutar da shi ba.

Hadisin da ya kamata ya tsorata masu ba da fatawar bakin masallaci shi ne na Jabir a Abu Dawuda. Wani mutum dutse ya fasa masa kai a halin tafiya, wanka ya wajaba a kansa, ya tambayi abokan tafiyarsa ko yana da rangwamen yin taimama, suka ce babu. Ya yi wankan ya mutu. Da labari ya isa ga Annabi (SAW), sai ya yi fushi, ya ɗora musu alhakin ransa, ya zarge su da yin magana a kan abin da ba su sani ba maimakon su tambaya. Su ma addini suke ganin suna karewa. Ga kuma albishir a hadisin Abu Musa cewa mara lafiya ana rubuta masa ladan abin da ya saba yi yana da lafiya. To sujadar da saurayin nan zai ƙwata da ƙarfin tsiya, me za ta ƙara masa a wurin Allah? Idan an bi diddigi, idon jama'a yake gudu, kuma ibadar da aka yi don idon jama'a malamai sun san sunanta.

Alƙaluma ma sun goyi bayan jinkirin. Wani bincike na haɗin gwiwa tsakanin Nowe da Amurka da aka wallafa a 2016 ya gano cewa kowane wata guda da ɗan wasa ya ƙara kafin ya koma fili, har zuwa wata na 9, yana rage haɗarin sake jin rauni da kusan rabi.

Sai dai haƙurin da ake nema a nan ba na kwanciya a ɗaki ba ne. Gwiwar da aka bari ba motsi sandarewa take yi, naman cinya kuma ya zube cikin 'yan makonni. Aikin yau da gobe ne mai gundura: a matse cinya a saki, a ɗaga ƙafa a miƙe, a jawo dunduniya da tawul, a koyi tsayuwa da ƙafa ɗaya, safe da yamma, wata da watanni, bisa tsarin da ma'aikatan sashen gashin ƙashi suka bayar. Akwai ma labari mai daɗi ga wanda ba shi da kuɗin tiyata. A ƙasar Suwidin an bi matasa 121 masu wannan rauni, aka yi wa wasu aiki nan take, wasu aka fara da motsa jiki kaɗai. Sakamakon da ya fito a 2010 bai nuna wani bambanci na a zo a gani tsakaninsu ba, kuma bayan shekara 5 kusan rabin waɗanda suka fara da motsa jikin ba su bukaci wuƙa ba. Ke nan talakan da tiyata ta fi ƙarfinsa bai rasa sababin da zai riƙe ba, in dai likita ya duba gwiwar ya ɗora shi a hanya.

Amma wa zai ciyar da gidan mai lodin rake wata tara? Wa zai biya masa kuɗin mota daga Maƙarfi ko Kudan zuwa Zariya duk ranar ganin likita? Matar auren da ta zame a bakin rijiya, wadda girki da wanki da banɗakinta duk a tsugune ne, wa zai karɓe ta? Mata ma sun fi maza saurin samun wannan tsinkewa idan suna irin motsi ɗaya, ga shi nasu ciwon a cikin gida yake ƙarewa ba wanda ya ji. Yawancin waɗanda suka koma aiki da wuri ba rashin imani ne ya kore su daga jinya ba, tukunya ce. Idan unguwa za ta iya cika ɗakin mara lafiya a makon farko da "sannu" da "Allah ya sa kaffara ne," za ta iya haɗa gayya ta nome masa gona a wata na huɗu, lokacin da ƙafafun masu dubiya suka ɗauke. Kwamitin masallacin da ya sayi kujerar yana iya sa sunansa cikin masu karɓar zakkar hatsi da kaka, liman kuma ya ware huɗuba guda ya karanta wa jama'a babin sallar mara lafiya, domin masu lafiyar su ma su ji.