Fariya Mai Taya Huɗu

A shekarar 2020 kamfanin Brabus na garin Bottrop a Jamus ya ɗauki wata Marsandi, ya kwance injinta ya ƙara mata ƙarfi har ya kai na doki 900. Ya raɗa mata suna Rocket 900, ya ce guda goma kacal zai ƙera. Kuɗin kowace ɗaya ya haura Yuro dubu 400, kuma tana cin kilomita 330 cikin awa guda.

A ƙaddara wani attajiri daga Jega ya sayo ta. Ina zai taka ta? Hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Jega da Maiyama ta nufi Koko da Yawuri, tireloli ne sarakunanta, ga shanu na ƙetarewa, ga 'yan kabu-kabu. Doka ma ba ta yarda ƙaramar mota ta wuce kilomita 100 ba. Cikinta kuwa a ƙasa yake kamar na ƙadangare, duk tudun rage gudu sai ya karce ta. Ranar da wata fitila ta kama a gaban direba, makanike zai leƙa, ya goge hannu da tsumma, ya ce, "Alhaji, wannan ta fi ƙarfina."

Ashe ba gudu ya saya ba. Abin da ya biya shi ne kalmar nan "guda goma kacal", wato daɗin sanin cewa maƙwabci ba zai samu ba. Fariya ke nan, kuma ba ta rayuwa sai da 'yan kallo.

Masu kare irin wannan ciniki suna da hujja, ba a raina ta ba. Ferrari 250 GTO guda 36 aka yi, kuma a 2018 an yi gwanjon ɗaya a kan dala miliyan 48 da ɗoriya. Sai dai masu irin wannan riba sukan adana motocinsu shekara da shekaru. Manomin Aliero ya san wannan dabara tun tuni: yakan killace albasarsa a inuwa bayan an cire ta, yana juyawa yana tsame ruɓaɓɓu, har farashi ya tashi. Mai fariya ba shi da wannan haƙuri. Ɗaurin aure na farko zai fito da ita.

Ciwon kuma bai tsaya ga masu Yuro ba. Saurayin da ya fasa salansar babur don a ji zuwansa, ya ɗaga tayar gaba a ayarin rakiyar amarya, irin yunwar ce ke cin sa. Masu ɗorin Aliero, waɗanda ake kawo wa karayayyu daga garuruwa masu nisa, sun saba karɓar irinsa: a shimfiɗe shi a tabarma, a ja ƙafar, a jera ƙirare a ɗaure tam. Abokan da suka yi masa tafi sukan zo dubiya a makon farko. Sauran makonnin, uwarsa ce ke zaune a gefe tana kore masa ƙuda.