Kada Ka Yi Gaggawar Sa Zaren Yaron Nan

Ɗana, labari ya iso mini cewa ka yanke shawarar haɗa bahagon yaron nan naka da babban ɗan damben da za ku ɗauko daga Kano bayan girbi, har an fara zancen a Kasuwar Dole. Ban ji daɗi ba, kuma gara ka ji daga bakina. Ba na zarginka da mugun nufi. Kai ka tsamo yaron a mahauta yana wankin kayan ciki, kai ka fara ɗaura masa zare, da sunanka ake kiransa a fili. Sai dai gaggawa ta shige ka, kuma in abin ya ɓaci, a jikinsa zai ɓaci.

'Yan kallo mutum biyu suke gani a fage. Na ukun, wanda ya ce wane da wane za su kara, yana can gefe a zaune, alhali rabin damben a hannunsa aka gama shi. A damben Turawa wannan sana'a ce mai zaman kanta, kuma an kewaye ta da sharuɗɗa. Rukunin nauyi kaɗai goma sha bakwai ne. Ana ɗora 'yan dambe a sikeli kafin ranar wasa, likita ya duba su, hukuma ta buɗe littafin kowa ta ga da wa ya kara, yaya aka tashi. Mu a namu na gargajiya ba mu gaji sikeli ko littafi ba. Idon manya muka gada. Sarkin dambe da dattawan fage su dubi tsawo, su dubi ƙashi, su tuna hannun kowa, sannan su ce a sa zare ko a bari. Yanzu kai ne a wannan mazaunin. In kuɗin ƙofa ya karkatar da idonka, babu sauran abin da ya tsaya tsakanin yaron da ƙasa.

Ka ce ya yi kisa a Mirya, ya yi a Magarya, ya yi a Matamaye, ba a taɓa kashe shi ba. Na yarda. Amma su wa ya kashe? Yawancinsu samarin kaka ne, masu ɗaura zare in an gama aikin gona su kwance in damina ta kawo kai. Kuma kusan duk kisan a turmin farko ya yi shi. Wannan abin da kake alfahari da shi, shi ne ya fi damuna, domin har yau babu wanda ya ga yaron nan a turmi na uku. A nan ake sanin ɗan dambe. Hannun garkuwa ya yi nauyi ya fara sauka daga fuska zuwa ƙirji, baki ya buɗe, ƙafar baya da take kan yatsu ta zauna daram, ido ya fara satar kallon makaɗa ko za a raba. Wani a wannan hali hankalinsa ke dawowa, ya tattara numfashi ya jira. Wani kuma sai ya rufe ido ya riƙa kai hannu ko ta ina. Wanne ne naka? Ba ka sani ba, shi ma bai sani ba.

Ga wani abu da na lura da shi, na tabbata kai ma ka gani. In zai saki hannu, sai ya sauke garkuwa ya ɗaga haɓa, kamar mai leƙen katanga. Yaran karkara ba su kai ga hukunta shi a kan haka ba, tsoron hannunsa ya hana su. Wanda ya goge zai bar shi ya kawo na farko ya goce, ya kawo na biyu ya ja da baya yana auna tazara, a na uku ya tare haɓar. Wannan gyaran wata biyu ne ko uku a bayan gida. Me zai hana a yi shi tun ba a gaban jama'a ba?

Na san abin da ke ruɗa ku, ku 'yan zamani. Ana yanko bidiyo na daƙiƙa talatin, hannu ya sauka, mutum ya zube, kalangu ya ɗauka, a watsa a WhatsApp da TikTok, kafin gari ya waye yaro ya zama gagara-badau. Bidiyon ba ya nuna wanda aka buge ko ya ci abinci ranar, ko shekarunsa nawa, ko sau nawa aka kashe shi a makon. Sannan ga ƙirar jiki. Samarinmu na Kara-Kara da sauran unguwanni sun iya ɗaga ƙarfe, ƙirji ya buɗe, damtse ya tashi, kuma ban raina wannan ba, ya fi zaman banza nesa. Amma ka tuna watan Yuni na 2019 a New York. Anthony Joshua ya hau fage ba a taɓa cin sa ba, jiki kamar an sassaƙa. Andy Ruiz kuwa ɗan cike gurbi ne da aka nemo a ƙurarren lokaci, ga teɓa, ana ta yi masa dariya. Sau huɗu Ruiz ya kai shi ƙasa, alƙali ya tsayar da wasan a turmi na bakwai. Masu kallon ƙirji ba su kalli saurin hannu ba.

Labarin da ya fi kama da naka shi ne na Francis Ngannou, ɗan Kamaru. A Oktoban 2023 a Riyad, damben Turawa na farko da ya yi na kuɗi, ya kara da Tyson Fury, ya kai shi ƙasa a turmi na uku, aka cinye shi da ƙyar bisa maki. Duniya ta ɗauka. Maimakon a ba shi tsani ya hau, sai aka haɗa shi da Joshua a watan Maris na 2024. Bai wuce turmi na biyu ba, kuma faɗuwar ƙarshe ba ta yi kyan gani ba. Shi ƙato ne da ya riga ya yi suna a wani fagen, an kuma biya shi abin da zai riƙe zuriyarsa. Yaronka in ya yi irin wannan faɗuwa, da me zai koma gida?

Ka kuma dubi wanda kake gayyatowa. 'Yan damben da ke zaune a Ado Bayero Square a Sabon Garin Kano, ko gidan Ali Zuma a Dei-Dei, ba sa jiran kaka. Shekara suke yi suna sa zare, ɓangarorin Kudu da Arewa da Guramada suna gwabzawa. Bahagon hannu da yake rikita mutane a nan, su sun saba da shi. Ka taɓa zama ka kalli damben mutumin nan daga farko har ƙarshe, har da waɗanda aka tashi babu kisa, har da waɗanda aka kashe shi? Ka san yadda yake yi da bahago? Ka san ya fi yaronka nauyi da nawa? In amsarka ita ce ka ga bidiyonsa, to ba ka yi aikinka ba tukuna.

Kada kuma ka fahimce ni a baibai, ka koma tara masa raunana yana zubarwa don suna ya yi tsawo. Wannan ma cuta ce, kuma Turawa sun fi kowa yin ta. Yaro ya taso bai taɓa shan hannu mai zafi ba, ranar da ya sha na farko sai ya zama na ƙarshe. Abin da yake bukata abokan karawa ne da kowannensu zai yi masa tambayar da ba a taɓa yi masa ba. Ka nemo masa dogo mai tsawon hannu, ya koyi shiga. Ka nemo masa bahago ɗan'uwansa. Ka nemo masa tsohon hannu mai taurin kai, wanda ƙarfinsa ya fara ja baya amma ba a kashe shi da wuri, ya ja shi har turmi na uku. Irin waɗannan akwai su tsakanin nan da Maraɗi, ba sai an ƙetare iyaka ba. In ya wuce su, ni da kaina zan ce a kira na Kanon.

'Yan kokowa sun riga mu gane wannan. Tun da aka fara gasar takobi a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauka, ba a tsinto yaro daga ƙauye a jefa shi gaban sarkin kokowa. Sai ya yi ta kaye daga ƙasa, a tace a sake tacewa, har ya shiga cikin goman da jiha za ta tura. Duk wanda ka ga ya shiga filin Langa-Langa da sunan Damagaram, ya bi wannan tsani. Ɗan dambe Issaka Dabore kuwa, da ya kawo wa Nijar lambarta ta farko a wasannin Olamfik, sai da ya je Tokyo a 1964 da Meziko a 1968 ya dawo hannu wofi, sannan ya samo tagulla a Munik a 1972, ya haura shekara talatin. Yaronka ko ashirin bai cika ba.

Duk ranar da za a yi wasa, ko da wa za a yi, ka taɓa zaren kowane ɓangare da hannunka kafin a shiga, ka ji ko an cusa wani abu. Ka dubi idon 'yan wasan. Wanda ya sha tiramol ba ya jin bugu, kuma rashin jin nan shi ke sa a yi masa illa, don haka kada ya shiga. A samu ma'aikacin lafiya a kusa, da abin hawa da ke tsaye. Wanda ya faɗi da ka, ya tashi yana layi, ko yana amai, ko bai san inda yake ba, asibiti za a kai shi, ba ruwa kaɗai za a watsa masa ba. A damben Turawa wanda aka sumar yakan yi aƙalla wata guda a dakace. Mu kuwa sai ka gan shi jibi a wani gari ana ɗaura masa zare. Rabon kuɗi kuma a gama shi a gaban shaidu tun kafin kalangu ya tashi.

Ka je ka gaida mahaifin yaron, ka faɗa masa an ɗaga wasan, kada ya ji a gari. Yaron zai yi fushi, zai ɗauka ka raina hannunsa. Ka kawo mini shi bayan sallar Juma'a mu zauna mu uku. Na Kanon kuma ka kira shi yau, ka ba shi haƙuri, ka ce sai baɗi in Allah ya kai mu. Kuɗin da ka riga ka tura masa ka bar masa, kada ka nema. Ni zan ɗauki rabin asarar.