AN ƘONA LITTAFI, AN BAR ZALUNCIN

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Bayan karatun Asuba wani malamin sakandare ya tsayar da ni, ya ce: "Malam, me ya sa littattafan da ke taɓa matsalar aure ba sa samun shiga aji cikin sauƙi?" Na ce masa zan amsa a nan, don kowa ya amfana.

'Yan uwa, abin da na fahimta shi ne tsoro. Iyaye da masu tsara karatu suna gudun kada yarinya 'yar shekara 14 ta karanta labarin auren da ya lalace, ta tsani aure gaba ɗaya. Kuma wasu littattafan soyayyar da suka cika kasuwa, wallahi akwai batsa a ciki. Wannan tsoron ne ya kai ga a 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta ƙona littattafan da aka karɓe a hannun ɗalibai mata a Kano. Kare tarbiyyar yara wajibi ne, ban musa ba.

To amma mun haɗa gari da tsakuwa mun zubar. Akwai littafin da ke raina aure, akwai wanda ke kukan zaluncin da ake yi a cikin aure. Na farko ɓarna ne, domin Allah Ya sanya aure cikin ayoyinSa a Suratur Rum, aya ta 21, wurin natsuwa da ƙauna da tausayi. Na biyu kuwa nasiha ce, ko da ta yi ɗaci.

Ku duba Jiki Magayi, ɗaya daga cikin littattafai biyar da suka fito bayan gasar 1933 a Zariya. Attajiri ya sa dukiya ya raba Zainab da Abubakar, ƙarshe gaba da ɗaukar fansa suka cinye gidan. Iyayenmu sun karanta shi, ba su daina aure ba. Haka Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne. Auren dole da wulaƙanta mace ta soka. Shin addini ya yarda da waɗannan ne?

Ai Bukhari ya ruwaito cewa mahaifin Khansa'u bint Khizam ya aurar da ita ba da sonta ba, ta kai ƙara wurin Manzon Allah (SAW), ya warware auren. Surar Mujadala ma kukan mace ne a kan mijinta, Allah Ya ji, Ya saukar da hukunci. Kun ga kenan kukan mace ba fitina ba ne.

Ni kaina na sha zaman sulhu, in ga yarinya ba ta san haƙƙinta ba, shi ma yaron bai san nauyin da ya ɗauka ba. Ba littafi ne ya raba su ba, jahilci ne. Littafin da muka hana su a aji, yanzu suna karanta wanda ya fi shi muni a waya, cikin dare, babu malami a kusa.

Shawarata: malaman addini da na adabi su zauna su tace. Mai batsa a ajiye shi. Mai faɗin gaskiya a karanta shi a aji, a haɗa da Babin Nikahi, yaro ya san yardar mace, da ciyarwa, da adalci. Ke uwa, kai uba, ku karanta abin da 'ya'yanku ke karantawa kafin ku yanke hukunci.

Allah Ya gyara mana gidajenmu, Ya shirya mana zuri'a. Wallahu a'alam.