Laifin Wa Ne, Gida ko Unguwa?

Idan yaro ya lalace a birni, wa za a tuhuma, gidansu ko unguwarsu? Wani fim na Amurka mai suna Boyz n the Hood, wanda John Singleton ya fitar a 1991 yana ɗan shekara 23, ya ɗauki wannan tambaya da gaske.

Labarin yara uku ne baƙar fata a kudancin birnin Los Anjeles, inda bindiga da ƙwaya suka yi katutu. Tre yana ɗan shekara 10 uwarsa ta kai shi wurin ubansa domin ya sami horo. Uban ya sa shi share ƙofar gida, ya riƙa zama da shi yana yi masa magana kan mutunci da riƙon amana. A tsallaken titi kuwa akwai Ricky da Doughboy, uwa ɗaya, kowa da ubansa, amma ba uba ko ɗaya a gidan. Uwar tana ji da Ricky domin ya iya ƙwallo, ana sa ran zai shiga jami'a. Doughboy kuwa sai zagi da gori, tun yana ƙarami take faɗa masa ba zai zama kome ba.

Abin baƙin ciki, Ricky mai hankalin nan shi aka fara harbewa, a kan 'yar sa-in-sa da wasu 'yan daba. A nan fim ɗin ya faɗi gaskiya mai ɗaci: halin kirki ba ya tare harsashi. Mai cewa laifin iyaye ne kaɗai bai yi adalci ba, gama talauci da rashin aiki da yawan makamai sun fi ƙarfin gida ɗaya.

To, ina amfanin tarbiyya? A daren nan Tre ya shiga motar masu ɗaukar fansa, zuciyarsa tana tafasa. Suna cikin tafiya sai ya ce a tsaya, ya sauka. Unguwa ɗaya ce, baƙin ciki ɗaya ne, amma shi yana da wata murya a cikin lamirinsa wadda aka yi shekara 7 ana dasawa. Doughboy bai taɓa jin irinta ba. Ya rama, bayan mako 2 da jana'izar ɗan'uwansa shi ma aka kashe shi.

Iyaye, ba ku da ikon gyara birni duka, ba kuwa za ku bi 'ya'yanku cikin kowace mota ba. Abin da ke hannunku shi ne maganar da za su tuna a lokacin da ba kwa nan. Itace tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma zagin kullum karya shi yake yi. Ku kuma maƙwabta, ɗa na kowa ne. Uban Tre yana ganin Doughboy kowace rana a tsallaken titi. Wane yaro ne a tsallaken titinku yake girma ba mai kiransa ya zauna da shi?