Ƙaddara Ce, Amma Wa Zai Ɗauki Nauyin Iyalinsa?

 

'Yan'uwa, makonni uku da suka wuce an yi yekuwa a masallacin nan bayan sallar la'asar, aka tara wa wani yaro ɗan dako abin da ya sawwaƙa. Mafi yawanku kun san labarin. Yana sauke buhunan albasa daga tirela da asuba, katakon da yake takawa ya karye, ya faɗo, buhu ya biyo shi ya danne masa ƙugu. Likita ya ce ko ya tashi, shi da ɗaukar kaya sai dai kallo. Yana da mata da 'ya'ya biyu can gida, abin da yake aikawa duk mako shi ne tuwonsu. Na je duba shi. Ya ce maigidan da yake wa aiki ya zo sau ɗaya, ya ajiye kuɗin magani na kwana biyu, ya ce ƙaddara ce, Allah Ya ba da lafiya.

Ƙaddara ce, babu Musulmin da zai musa. To amma katakon nan ya daɗe da tsagewa, yaran sun faɗa, an ce su lallaɓa. Lokacin da wani sahabi ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya saki raƙumarsa ya yi tawakkali, sai da aka umarce shi ya ɗaure ta tukuna. Mu kuwa mun mayar da kalmar ƙaddara bargo, muna lulluɓe sakacinmu da ita. Kuma ka lura, Alhaji, in tirelarka ce ta faɗi a hanyar Lakwaja, ba ka tsayawa ga ƙaddara, sai ka tuhumi direba, ka tuhumi bakanike.

A hadisin Abu Zarri (RA) an hana mu ɗora wa waɗanda ke ƙarƙashinmu abin da ya fi ƙarfinsu, in kuwa ya zama dole, mu sa hannu mu taya su. Mu auna kanmu da wannan. Mai gadin da ka kwantar a ɗaki ɗaya da janareto, hayaƙin nan kisa yake yi cikin barci, ba ya ko tada mutum. Yaron da ke injin niƙa da babbar riga, ga bel a buɗe. 'Yan bola jari da ke yanka tsohuwar tukunyar gas da hannu tsirara. Leburorinmu da ke hawa bene babu hular kwano. Waɗanda suka daɗe a Legas ba su manta gobarar kamfanin roba na Ikorodu a 2002 ba, inda ma'aikatan dare da yawa suka ƙone, aka ce an kulle musu ƙofa. Kuma kowa ya ga dogon benen da ya rushe a Ikoyi a watan Nuwamba na 2021, mutum fiye da 40 suka rasu, akasarinsu masu neman na abinci ne.

Akwai abin da yawancinmu ba mu sani ba. Tun 2010 Najeriya tana da dokar biyan diyya ga ma'aikata, kuma hukumar NSITF ce ke riƙe da asusun. Mai ɗaukar ma'aikata ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya duk wata, kuma doka ta hana shi cire kuɗin daga albashin ma'aikaci. In kana biyan yaranka Naira 300,000 a wata, naka 3,000 ne. Kuɗin katin waya bai fi haka ba? Dokar ba ta tsaya ga masu aikin ofis ba. Ta haɗa da wanda aka ɗauka da baki ba takarda, da na wucin gadi, da mai koyon sana'a, har da ɗan aikin gida. Haɗarin da ya sami mutum a hanyarsa ta zuwa aiki ko komawa gida ma yana ciki. In ma'aikaci ya rasu ya bar mata da 'ya'ya biyu ko fiye, doka ta tanadar musu kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Sai dai akwai wa'adi: wanda ya ji rauni ya sanar da maigidansa cikin kwana 14, maigida ya kai wa hukuma rahoto cikin kwana 7, a kuma nemi diyyar kafin shekara ta cika. 'Yan'uwanmu da ke gadi da lebura a kamfanoni, ku tambaya ko an yi muku rajista. Tambayar haƙƙi ba rashin kunya ba ce.

Na san wani zai ce, "Malam, ai inshora haramun ce." A nan sai an rarrabe. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ke Jidda ta yanke a 1985 cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta, saboda gararin da ke cikinta, amma ta halatta ta taimakekeniya, wadda ake kira takaful. Asusun da hukuma ta wajabta don raunanan ma'aikata, malamai da yawa sun sa shi a ɓangaren taimakekeniya, ni ma abin da ya fi kwanta mini ke nan. Tushensa ma yana cikin fiƙihunmu. Wanda ya yi kisan kuskure, danginsa na wajen uba, wato aƙila, su ke haɗuwa su biya diyya, don kada nauyin ya karya mutum ɗaya, kada kuma iyalan mamaci su tashi a tutar babu. Sayyidina Umar (RA) ya mayar da wannan nauyi kan waɗanda sunansu ke rajista ɗaya ta diwani, ko da ba dangi ba ne. To mu da muka baro dangi a Sakkwato da Katsina da Gashuwa, wace aƙila gare mu a nan in ba junanmu ba?

Gaskiya ɗaya ce, ɗan dakon da ake biya kan kowane buhu, yau yana wa wannan aiki gobe wancan, da wuya ya ga sisin NSITF, kuma aikin hukuma kun san tafiyarsa. Shi ya sa kwamitin masallaci ke ba da shawarar mu kafa namu asusun. Kowace motar da aka sauke, mai kaya ya ajiye ɗan abin da za a yi ittifaƙi a kai, a rubuta a littafi, mutum uku su sa hannu kafin a fitar da ko kwabo, a karanta lissafi a bainar jama'a duk ƙarshen wata. Ba sadaka ba ce da za a jira godiya, haƙƙin gumin yaran nan ne.

Za a zauna kan wannan ranar Lahadi bayan sallar isha'i, a harabar masallaci. Muna roƙon dillalai da shugabannin 'yan dako da na mahauta su halarta da kansu, kada a aiko yaro. Masu lodi kuma ku taho da lissafin katakai da tsanukan da suka lalace, za a fara da canza su. Yaron da ke kwance har yanzu ana binsa kuɗin hoton ƙashi. Mai niyya ya ga ladan bayan sallah. Allah Ya ba shi lafiya, Ya tsare mu da iyalanmu. Amin.