Ka je lambun itatuwa da idonka, ka bar wuƙarka a gida

Ɗana, in Allah ya kai mu Sallah ka kwashi iyalinka zuwa Gidan Zoo na Kano kamar yadda ka saba, ina roƙonka abu guda. Kafin ku garzaya wajen zaki da jimina, ka tsai da yaran a gindin itace ɗaya ka tambaye su sunansa. In sun yi shiru kada ka yi musu faɗa. Tambayi kanka ko kai ka sani.

Wurin nan da aka kafa zamanin Gwamna Audu Bako, itatuwansa sun cancanci ziyara kamar dabbobinsa, amma mutane ratsa su suke yi ba ko ɗaga kai. Haka lambun tsirrai na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, wanda ake karantar da ɗalibai a cikinsa. Irin wannan lambu daban yake da fadamar da ake noman latas da tumatir. A nan ana ajiye itace ne domin a san shi: daga ina ya zo, yaushe yake fure, me ke kashe shi. Inda ake kula sosai za ka ga ɗan allo a jikinsa ko a gindinsa, ɗauke da sunan da masana suka ba shi da harshen Latin. Ka tsaya ka karanta, ko da harshenka zai sarƙe. Da sunan nan ne malamin Zariya da na Indiya ke gane cewa itace ɗaya suke nufi.

Abin da ke ci mini rai shi ne baƙo ya fi mu ɗaukar wannan ilimi da muhimmanci. Wani likita ɗan Sikotilan, J. M. Dalziel, ya yi aiki a Arewa zamanin Turawa, yana bin manoma da makiyaya da masu magani yana tambayarsu sunan kowace ciyawa. A 1916 ya fitar da littafi na sunayen tsirrai da Hausa, a 1937 kuma ya fitar da babba a kan amfanin tsirran Afirka ta Yamma. Ganyayen da irinsu suka tsinka a dazukanmu suna nan a busashe, an adana su a lambun Kew da ke Landan, wanda aka kafa tun 1759. Kakanninmu ne suka ba da wannan sani da bakinsu. Yau jikansu na zaune a Ɗorayi bai taɓa tsotsar garin ɗorawa ba, na Giginyu bai san daga ina muruci ke fitowa ba.

Saboda haka ka tafi Gidan Zoo ɗin da sassafe, kafin rana ta yi zafi jama'a su cika, ka kuma tafi a hankali. In akwai tsoho a gidanku ko a unguwarku wanda ya tashi a ƙauye, ka ɗauke shi, ka biya masa kuɗin shiga. Zai nuna wa yaranka bambancin ceɗiya da durumi, da yadda ake gane kanya daga ɗinya tun ba su yi 'ya'ya ba. In kun ci sa'a kun tarar da gawo, ku daɗe a wurinsa. Itace ne mai saɓa wa 'yan'uwansa: da damina, lokacin da kowa ke ado, shi yake zubar da ganye, sai rani ya yi ya yi shar. Shi ya sa manomi ba ya sare shi a gona. Ba ya tare wa gero rana, ganyen da ya zubar taki ne, 'ya'yansa kuma abincin awaki ne a watannin da ciyawa ta ƙare. Yaron da aka nuna wa wannan da idonsa ba zai manta ba. Ka kuma gaya musu darbejiyar da ta cika titunanmu baƙuwa ce daga ƙasar Indiya, haka ma mangwaro; gwaiba da gwanda kuwa daga nahiyar Amurka suka zo.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna. Kada hannunka ya taɓa ɓawon itace. Na sha ganin maɗaci an fere shi har ƙashi saboda maganin ciki, kowa ya zo ya ɓantari ɗan kaɗan yana cewa nasa ba zai yi komai ba. Abincin da ganye ke haɗawa ta ƙarƙashin ɓawo yake sauka zuwa saiwa. Ranar da saran ya zagaye gangar jikin, an yanke wannan hanya ke nan, saiwa ta mutu da yunwa, itacen da ya fi mahaifinka shekaru ya bushe a tsaye. Saurayin da ke zana sunansa da na budurwarsa da wuƙa, shi ma ƙofa yake buɗe wa ƙwari da ruɓa. Kada ka ɗauka itatuwanmu ba sa ƙarewa. Madobiya ta isa misali: an sare ta a dazukan Taraba ana lodi zuwa ƙasar Sin, har sai da hukumomin duniya suka sa takunkumi a kan cinikinta. Wata rana wadda ke cikin lambu ce kaɗai za ta rage a ɗebi irinta.

Ledar ruwa da ta alawa, ku zuba a jaka ku fita da su. Kada yara su yi jifan 'ya'yan itace ko su yi lilo da reshe. In kun ga iri ya faɗo ƙasa kuna so, ku nemi izinin mai kula da wurin. Ka gaishe shi da kyau, ka tambaye shi yadda ake tsirar da shi, domin irin kuka da na ɗorawa suna da taurin ɓawo, sai an jiƙa su ko an ɗan kankare kafin su fito. Ku shuka a leda a gida, ka ɗora wa ƙaramin cikin yaranka ban ruwa, in damina ta kankama ku dasa.