Wa Zai Tambayi Mai Mulki?

Ya kai ɗan'uwa matashi, ka sani dukiyar jama'a amana ce, mai riƙon amana kuwa wajibi ne a tambaye shi. To, wa zai yi tambayar? Ai wanda ke ci a akushin mai mulki ba ya iya ɗaga masa murya.

Dubi majalisar Ingila. Ran Laraba, in ana zama, Firayim Minista yakan miƙe tsaye, shugaban 'yan hamayya ya yi masa tambaya har shida a bainar jama'a. Kwamitin binciken kuɗin gwamnati, wanda aka kafa a 1861, ɗan hamayya ake ba shugabancinsa. Ba wai don ya fi kowa tsoron Allah ba, a'a, don dai shi ba ya da riba in an rufa asirin ɓarna.

Amma fa wuƙar nan ana yin zalunci da ita. Dawo gida Kaduna. 'Yan NPN, masu rinjaye a majalisar jiha, suka ƙi amincewa da kwamishinonin Gwamna Balarabe Musa na PRP, daga bisani suka tsige shi a 1981. Kusan shekara biyu jiha ba kwamishina ko ɗaya. Talakan Kaduna me ya samu a wannan?